Ana Jiran Kwano

A'a, Musbahu, kar ka ce min in yi shiru. Ni na haife ka, na san lokacin da kake dariya a ciki. Eh, na faɗa wa matan unguwarmu ta Ulaisha ni na koya wa 'yarka kwamfuta, gobe ma zan ƙara faɗa. Zauna in tuna maka.

Ba kai ka ce idan Bilƙisu ta sake faɗuwa jarrabawar nan, khalas, ta bar makarantar ta zauna gida tana yanka min albasa ba? Saura kwana uku a yi jarrabawar yarinya ta daina cin abinci. Na same ta bayan la'asar ta tasa na'urar a gaba, ido ya yi jajir.

Na ce, "Ƙawata, wa ya mutu?"

Ta ce, "Kaka, don Allah. Wannan ba na tsofaffi ba ne."

Na jawo kujera na zauna.

Rabi da Hausa rabi da Larabci ta yi min bayani. Wai an sa su haɗa wani abu, fankshin. Kamar ɗan aike yake: ka koya masa aiki sau ɗaya, ka raɗa masa suna, daga nan duk sanda ka kira shi ya yi. Nata, sai ka ba shi ranar da iƙamar mutum, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, za ta ƙare, ya faɗi kwana nawa suka rage. Ta gwada da taka, ya nuna mata babu. Ta gwada da ta uwarta, babu.

Na ce, "Ya dai yi lissafin?"

"Ya yi, wallah! Na bi layi-layi."

"To ina ya ajiye?"

Ta kalle ni kamar na yi mata wani baƙon yare.

Na ce, "Kin tuna kina 'yar shekara shida na aike ki gidan Hajjo maƙwabciyarmu da kwanon dambu? Kika miƙa, kika juyo a guje hannu na dukan cinya. Ita kuwa baiwar Allah ta wanke kwano, ta cika shi da dabino, don a wurinmu kwano ba ya komawa wayam. Kwana biyu yana zaune a kicin ɗinta. Ke 'yar Riyad ce, ba wanda ya taɓa gaya miki ana jiran kwano. Shi wannan ɗan aiken naki, kin gaya masa ya dawo da kwanon?"

Sai ta ƙwalla ihu, "Ritan! Ya Allah, ritan!" Wai kalmar da ake ce masa ya kawo abin da ya samu ke nan, ita ce ba ta sa ba. Ta buga layi ɗaya tak. Sai ga shi: arba'in da ɗaya.

Ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Muka taka rawa a falo, ni da gwiwar nan tawa. Ta cinye tuwo malmala biyu a tsaye.

Kwana arba'in da ɗaya suka rage wa iƙamarka, malam, kai kana nan kana cewa sai bayan Babbar Salla. Wa ya ruga wurin kafilinsa, mai tsaya masa kan takardun zama, washegari ko shayi bai sha ba? Ita kuma ta shiga jarrabawa ta fito ta uku a ajinsu, ga takardar can ka manna a bango da hannunka.

Me ka ce? Ban san ko alif ba? Gaskiyarka, ban sani ba. Kai da ka san su duka, sau biyu ka ɗauki na'urar nan ka kai ta gyara kasuwar Batha, wai ta lalace.

Miƙo min dabinon nan.