Bayan Dutsen Kabarin Cleophus

Ernestine Tolliver ba mace ce da takarda ke ɓace wa ba. Katin rigakafin 'yarta Renita yana nan a akwatinta, alhali Renitar ta ba arba'in baya har ta fara furfura. Don haka ranar da ofishin maƙabartar tsofaffin sojoji ya rubuto cewa ta kawo shaidar mutuwar aurenta na fari daga kotu, mai hatimi, ko gezau ba ta yi ba. Ta dai yi tsaki, ta ce gwamnati ba ta da aikin yi.

Mijinta Cleophus ya rasu a watan Maris. An binne shi cikin sahun fararen duwatsun nan na sojoji, sunansa a gaban dutsen, bayan dutsen kuma fili, don a nan ake rubuta sunan matar soja ranar da aka sa ta kabari ɗaya da mijinta. Tun da likita ya fara yi mata kwana-kwana a kan zuciyarta, Ernestine ta ƙudura sai an tabbatar mata da wurin nan a rubuce tana da rai. Shekara talatin da bakwai yana minshari tana zungurinsa, ba ta ga dalilin raba makwanci yanzu ba.

Renita ce ta ja motar, tafiyar awa biyu zuwa gundumar da suka baro tun tana 'yar shekara bakwai, can gabashin Texas. Zafin Agusta ya riga su tashi. Ernestine ta ɗora jakarta a cinya tana ta lissafa abin da ke ciki: takardar aurenta da Cleophus, da takardar sakin da Wendell Gatlin, mijinta na fari, ya kawo mata a 1983, wadda ta kwana shekara arba'in a tsakiyar Littafi Mai Tsarki. Har da hoton ranar da Cleophus ya tashi da rigima, shekara tara da suka wuce, wai sai sun sake tsayawa gaban fasto an sabunta musu aure.

"Wannan kuma me za ki yi da shi, Mama?" in ji Renita.

"Su ga irin tsohon da na aura. Gwiwa na ciwo, haƙori na roba, wai shi ango. Dariya na yi ta yi har fasto ya harare ni."

Renita ta yi ɗan murmushi, ta mai da ido kan hanya.

A ginin kotun, ofishin farko da suka shiga na aure ne. Matar wurin ta ce su nan ɗaurawa suke yi, masu kwancewa suna sama. Suka hau bene, Ernestine na hutawa duk bayan matakala biyar, tana tsine wa wanda ya gina shi.

Magatakardar da ke bayan kanta wata dattijuwa ce mai tabarau a rataye da sarƙa, an rubuta Ybarra a ƙirjinta. Ta karɓi takardar Wendell, ta duba gaba, ta duba baya, ta sake duba gaba.

"Uwata, shekarar nan ba ta cikin kwamfuta. Sai na sauka ɗakin ƙasa na duba manyan littattafai. Da sunan wa aka shigar?"

"Gatlin. Wendell Gatlin. Ki duba wajen marasa amfani, yana layin farko."

Ybarra ta yi dariya ta tafi. Da ta dawo bayan rabin awa ba ta dariya. Fayil ɗin da ta riƙo bai kai kaurin wainar masara ba, kuma ta ajiye shi a hankali ƙwarai. Ernestine ta san ruwa ba ya tsami banza.

"Takarda uku ce a ciki," in ji Ybarra. "Ga ta farko, irin taki ce, ƙarar neman saki. Ga ta biyu, wadda kika sa hannu cewa kin yafe zuwa kotu. Ta uku kuma ta alƙali ce, bayan shekara ɗaya da rabi. Ya kori ƙarar, don babu wanda ya zo."

"To ai shi ke nan. Ya kori auren."

"Ƙarar ya kora, uwata. Auren bai taɓa shi ba."

Ernestine ta fizgo takardarta ta dangwara yatsa a kan hatimin da ke kusurwa. "Wannan fa? Ba na kotu ba ne?"

"Namu ne. Amma cewa kawai yake yi mun karɓa ranar kaza. Bayan kwana sittin sai mai ƙara ya zo ya tsaya gaban alƙali, alƙali ya sa hannu, sannan aure ya mutu. Duba ƙasan taki, babu sa hannun kowa sai nasa."

Sai ranar ta dawo wa Ernestine kamar jiya. Tana guga a shagon wankin da take aiki, Wendell ya shigo yana warin giya, ya wurga takardar a kan tulin riguna ya ce, "Ga shi nan, kin huta." Ya miƙo ta biyu ta sa hannu ba ta ko karanta ba, don a ranar ko wuƙa ya miƙo mata za ta karɓa, in dai zai fita daga rayuwarta. Ta ga hatimi, ta ga sunan kotu, me kuma ya rage? A unguwarsu duk wanda ya ce ya saki matarsa irin takardar nan yake nunawa. Shi kuwa Wendell, mutumin da bai taɓa gama gyaran ko famfo ba, a ce ya tashi da safe ya ɗaura lakataye ya je gaban alƙali? Hali zanen dutse. Laifinta ɗaya, ta yarda ya gama wani abu a duniya.

Kunya ce ta fara kama ta kafin tsoro. Ita da ke zama layin gaba a coci da farar hula, ita da ta aurar da 'ya'yan mutane tana yi musu nasiha.

"To ni mece ce a wurin Cleophus?" Muryarta ta fito ƙarama, ba irin tata ba.

Ybarra ta nuna wani allo a bango. "An hana mu ba da shawarar lauya, ga shi nan a rubuce. Lauya za ki gani." Ta juya ta fara jera wasu takardu da ba su buƙatar jerawa, tana magana kamar da kabad take yi. "Amma na ji lauyoyi na faɗa a barandar nan, wai a jiharmu in mijin farko ya mutu, matar kuma ta ci gaba da zama da na biyu a matsayin mata da miji, aurensu ya tabbata daga ranar. Sai dai ya zama na farkon ne ya riga na biyun tafiya. Ni dai ban ce komai ba."

Suka fito baranda, Ernestine ta zube a kan benci.

"A ina zan nemo shi? Shekara arba'in ban ji ko tarinsa ba. Irin su Wendell ba sa mutuwa, giya ce ke adana su." Ta rufe ido. "Ya Ubangiji, ban taɓa roƙon ka ran kowa ba. Amma ka sa ya mutu. Ka sa ya daɗe da mutuwa."

"Mama, ki bari."

"Ba zan bari ba! Ke ba ki san abin da..."

"Ya mutu." Renita na tsaye, ta juya mata baya tana kallon taga. "Shekara tara ke nan, a watan Mayu. Hanta ce. Takardar mutuwarsa tana cikin durowata."

Ernestine ta buɗe ido. Abin da ya fara zuwa mata daɗi ne, ba ta iya hana shi ba, har sai da numfashi ya kuɓuce mata. Renita ta ji numfashin, kafaɗunta suka motsa. Sannan sauran maganar ta iso.

"Durowarki? Ke kika binne shi?"

"Asibiti suka kira ni, sunana ya ba su. Babu kowa nasa, Mama. Mako uku ina zuwa."

"Mutumin da ya bar ki da takalmi ɗaya? Ina can ina ƙona hannuna da dutsen guga, ke kina nan kina ba shi ruwa a cokali?"

"Ubana ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da na faɗa miki, abin da kike faɗa yanzu za ki faɗa, shi ya sa muka yi shiru."

"Ku wa?"

Renita ta juyo, fuskarta jiƙe. "Lokacin ba ni da mota. Baba Cleo ne yake kai ni, ya ce miki kamun tarwaɗa za shi. A mota yake jira. Sai ranar ƙarshe Wendell ya ce a kira masa shi, suka kore ni waje, suka yi kamar rabin awa su biyu. Da ya fito bai ce uffan ba har muka iso gida. Na ɗauka mutuwar ce ta taɓa shi. Wallahi ban san abin da suka faɗa ba, sai yau."

Ernestine ta zuge zif. Ta sa hannu a jaka ta zaro hoton. Ga ta nan cikin shuɗiyar riga, baki buɗe tana dariya, ga Cleophus a gefe cikin kwat ɗin da ta matse shi, ya riƙe hannunta da hannu biyu, fuskarsa ba wasa ko kaɗan. Ta juya bayan hoton inda ta rubuta kwanan wata da hannunta. Goma sha huɗu ga Yuni, shekara tara da suka wuce, 'yan makonni bayan mutuwar Wendell.

Ta tuna yadda ya nace sai fasto ya rubuta a littafin coci, ya nace sai shaidu biyu sun sa hannu. Ta tuna abin da ta ce masa a gaban jama'a: "Kai tsoho, wa ya ce maka na farkon ya lalace?" Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi 'yar kaɗan. Ashe Wendell ya faɗa masa sakin bai tabbata ba.

Ƙofa ta buɗe, Ybarra ta leƙo da takardun uku, an buga musu hatimi mai tudu wanda yatsa ke ji. Ta ce lauya zai so ya gan su tare da takardar mutuwar, kada a yar da ko ɗaya. Ernestine ta karɓa, wannan karon ta karanta kowane layi har ƙasa, mutane na wucewa ta gabanta.

A mota Renita ta kunna inji ta tsaya, ba ta san ko an yafe mata ba.

"Gida, Mama?"

"Ki bi ta gidanki ki ɗauko takardar ubanki." Ernestine ta gyara hoton a cinyarta, hawaye na sauka ba ta share ba. "Daga nan ki kai ni maƙabarta. Shekara tara mutumin nan yana kallo na ina yi masa dariya, bai ce min komai ba. Ina da magana da shi."