Kunnen Hagu na Neville Ashworth

Likitar ba ta yi wa Neville Ashworth kwana-kwana ba. Kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu kuma da ƙyar yake riƙe. In ya sake tsayawa gaban manyan lasifikoki, to kada ya zargi kowa.

Da ya koma gida matarsa Glenys ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce ai datti ne, an wanke. Ya faɗa yana kallon butar shayi.

Abin da ya sa kuwa, makaɗan ƙungiyar Tallow Moor za su yi wasa ƙarshen wata a wata gonar tumaki da ke bayan gari, kuma sun ce daga shi sun ajiye kaya ke nan. Neville yana saurayi mai gashi har kafaɗa ya fara jin su, a zauren wata kwaleji, zamanin da waƙarsu ɗaya kan cinye fuskar faifai ɗungurungum. Yana nan mai jita da mawaƙin suka yi faɗan da ya raba ƙungiyar. Ya je jana'izar mai gangarsu cikin ruwan sama. Ya ga dawowarsu da furfura da tumbi. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas ɗin gari, hutunsa a bin su yake ƙarewa.

Ƙaryar ba ta yi nisa ba, domin asibitin sun bugo waya kan maganar na'urar ji, Glenys ce kuma ta ɗauka.

"Datti, ko?" ta ce, tana tsaye a ƙofar kicin. "Datti aka wanke maka?"

"Glenys, wannan wasan ne fa na ƙarshe."

"Sau nawa suna yin na ƙarshe? Kai tsoho, ka dube ni. In ka kurmance, da wa zan yi hira a gidan nan? Da kyanwa?"

Ranar wasan Glenys ta ƙi fitowa ta raka shi ƙofa, amma da ya sa hannu a aljihun rigar ruwansa sai ya ji abin toshe kunne guda biyu, a naɗe cikin hankici.

Abokinsa Barty Pickersgill ya zo ɗaukarsa, sanye da tsohuwar rigar ƙungiyar da ta kasa rufe masa cibiya.

"Ka ga mutum kamar za shi zaman makoki! Uwargida ta hana ka kuɗin giya ne?"

"Ja mota, dalla. Kuma ka sayi rigar da ta kai ka."

Da la'asar aka fara. Filin ya cika da irinsu, tsofaffi masu sanƙo da ɗan sauran gashi a ƙeya, wasu da kujerun naɗewa, wasu da jikoki a kafaɗa, ga warin soyayyen kifi da dankali da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Tun kafin a kaɗa komai an soma tsohuwar gardama, ko sabon mai gangar ya kama ƙafar marigayi. Barty ya yi ta kutsawa da kafaɗa har suka isa gaba, wurin da suka saba. Neville ya toshe kunnensa kamar yaron kirki.

Waƙoƙin farko ya ji su ne kamar daga gidan maƙwabta. Ya daure. Sai aka shiga doguwar waƙar da kowa ya zo dominta. A tsakiyarta akwai wurin da ganguna da jita kan yi tsit, a bar Clive mai kaɗa ogan, wani irin piyano, shi kaɗai da mai sarewa, suna tafiya a hankali kamar masu lallaɓawa. Neville ya ga Clive ya sunkuya, ya ga sarewar ta hau baki, amma ko ƙis bai ji ba. Ya waiga, ya ga Barty ya lumshe ido.

Ya sani sarai abin da ke biyo bayan wannan wurin. Duk da haka ya ɗaga hannu ya zare abin toshewar.

Sarewar ta shigo masa siririya, tana karkarwa, ogan yana binta daga ƙasa. Clive ya tsufa, yatsunsa ba su da gudun da, amma ya juya waƙar wata hanya da Neville bai taɓa ji ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya ce a ransa, bari wannan ya wuce in mayar. Yana riƙe da abin a tafin hannu ganguna suka faɗo gaba ɗaya, da jita, da komai.

Wani abu ya soke shi a kunne kamar allura. Daga nan sai wani dogon fito, shi kaɗai, ba sama ba ƙasa. Yana ganin sanduna suna sauka kan ganguna, yana jin dukan a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa, amma kiɗa babu. Haka ya tsaya har aka gama. Da ya ga hannuwa sun tashi, shi ma ya tafa.

A mota Barty ya yi ta zuba, hawaye a fuska, yana dukan sitiyari. Neville yana gyaɗa kai. Sai da suka tsaya a danja Barty ya juyo ya tambaye shi wani abu, ya sake tambaya, ya ga har yanzu kai kawai ake gyaɗa masa. Murnar ta zube daga fuskarsa. Ya dafa gwiwar abokinsa, sannan ya ja motar har gida.

Glenys tana ganin yadda Barty ya rako shi har ƙofa ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a matakala ta rufe fuska da tafukanta.

Bayan watanni an sa masa na'ura. Ta dawo masa da muryoyin mutane kaɗan-kaɗan, kamar ana magana cikin gwangwani, kiɗa kuwa ya zama hayaniya zalla. Sau ɗaya ya gwada ɗora faifai a garmaho, ya ɗage allurar tun ba a je ko'ina ba. Barty yakan zo ran Lahadi, su zauna a lambu, ya yi ta ɗaga murya har maƙwabta su leƙo. Wata rana ya tambaye shi ko yana nadama. Neville ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya ce shi ma bai sani ba.

Yanzu bakin Glenys yake kallo in tana magana, ya kuma ƙware. Yawanci takan fuskance shi, ta yi a hankali. Amma akwai ranakun da takan juya masa baya wajen wanke-wanke ta yi ta magana, yana ganin kafaɗunta suna motsi, shi kuwa ya zauna yana jira ta juyo.