Haƙurin Herr Balke da Turancin Ofis

"Kayan da kuka aiko mini duk a fashe suka iso!" Na daka tsawa da Turanci, ina bin rubutun katin da yatsa. "Sati uku ina jira! A haɗa ni da manaja!"

Na ji bayan Herr Balke, wato Malam Balke a Jamusance, ya motsa a jikin nawa. A kicin ɗinsa muke, kan kujeru biyu marasa majingina, mun juya wa juna baya. Malamar ajinsu na Turanci ce ta ce haka ake gwajin magana a waya, tunda mai waya ba ya ganin fuskar abokin maganarsa.

"Muna... muna matuƙar baƙin cikin jin haka," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake kwata. Sai ya koma Jamusanci. "Frau Dahl, katin cewa ya yi ki nuna ɓacin rai. Bai ce ki fasa mini dodon kunne ba."

"Shekara talatin da ɗaya ina bayan kanta a gidan waya, kowa ya kwaso haushinsa ya juye mini. Yau rana ta zo kaina, ka bar ni in more."

"To more a hankali, akwai masu barcin rana a gidan nan."

Egon Balke maƙwabcina ne na ƙasa, ni ina sama, shekara ashirin da shida. Mai washin almakashi ne, kamar rabin tsofaffin garinmu Solingen na Jamus, kuma ƙurar dutsen washi ta daɗe da cinye masa huhu. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. In kun haɗu wajen kwandon shara ya ce "za a yi ruwa", to hirar sati ke nan kun gama. Shi ya sa ranar da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana haki, da littafin Turanci a hammata, na ɗauka kuka zai kawo kan injin wankina.

A watan Oktoba likita ya gaya masa ba lallai ya ga bazara ba. Washegari ya hau bas ya tafi makarantar manya ta gari neman ajin Turanci. Aka ce ajin 'yan koyo yana hawa na uku, kuma babu lif. Ya tsaya ya ƙirga matakalar da ido, ya tambaya wane aji ne a ƙasa. Aka ce na Turancin kasuwanci, na ma'aikatan ofis da suka riga suka ɗan iya. Ya ce a rubuta shi. Ba shi da ko kalma goma, sai taurin kai. Da haka dattijo ɗan shekara saba'in da tara ya zauna cikin yara masu ɗaure wuya, yana koyon yadda ake kama ɗaki a otal da yadda ake buɗe taro.

Dalilin kuwa yana cikin wani gwangwanin biskit a kan firijinsa. Ɗansa tilo, Torsten, ya auri wata 'yar Ireland mai suna Nuala, suka zauna can, suka haifi 'ya, Greta. Shekara shida da suka wuce Torsten ya rasu a haɗarin mota. Herr Balke ya je jana'iza, ya kwana uku a gidan bai furta komai ba, don ba shi da harshen. Ran da zai taho ya tattara duk wuƙaƙe da almakasan kicin ɗin matar, ya wasa su, ya jera mata a kan tebur, ya ɗauki jakarsa ya fita.

"Ka jera wa matar da ke takaba wuƙaƙe tara a tebur?" na ce da ya gaya mini. "Ba ko sai an jima?"

"Duk sun dakushe ne."

"Herr Balke, da ni ce da 'yan sanda zan kira maka."

"Abin da na iya ke nan," ya ce.

Duk da haka, kowace Kirsimeti Nuala takan aiko da kati da hoton yarinyar. Bai amsa na farko ba don bai iya karanta shi ba. Bai amsa na biyu ba don kunyar na farko. Kati shida ke nan a gwangwanin. Abin da yake so kafin ya mutu ɗaya ne: ya kira ta, ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya ji muryar jikarsa.

Na ce masa wayar jikana tana fassara magana nan take. Ya dube ni kamar na ce a wasa almakashi da bulo.

"Haƙurin da na'ura ta bayar, na na'ura ne."

To, haka na zama mai saye a fusace duk Talata da Alhamis da ƙarfe huɗu. Ban san Turanci ba, amma na haddace katunan ƙorafi har goma sha biyu, kuma gaskiya na yi fice. Abin nema ya samu. Shi kuwa kafin Kirsimeti ya iya cewa cinikin kamfani ya haura da kashi goma cikin wata uku, ya iya ba da shawarar a ɗage batu zuwa zama na gaba. Yadda ake cewa "ina kewarku" kuwa babu shi a littafin, na duba fassarar Jamusancin da ke gefe da kaina.

"Yaushe za ka kira ta?"

"Ba da haƙuri darasi na bakwai ne. Muna na biyar."

"Ka tsallake mana."

"Ba a tsallake aiki. Kin taɓa ganin an goge almakashi kafin a wasa shi?"

Aka kai na bakwai a watan Janairu, ya ce bai zauna masa ba tukuna. Aka wuce na takwas. A watan Fabrairu ya daina iya kai kansa tashar bas, aka kawo masa tukunyar iska da ɗan tiyo a hanci, aka sa gado a falo. Malamar takan aiko masa da aiki ta hannun wani ɗan ajinsu. Ina kallonsa yana ramewa yana gyara wasiƙar neman ragin farashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ne ya ɓata shi.

Wata Asabar da rana na sauko da miyar dankali, na ajiye, na ɗauko wayar gidan na ɗora masa a cinya.

"Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Kira ta."

"Ban gama..."

"Kai ne za ka gama kafin littafin ya gama, ka sani, na sani. Kira ta."

Ya daɗe yana duban wayar. Ya ciro lambar daga bayan katin bara, ya danna, ya buɗe muryar don in ji. Aka ɗauka. Wata mace ta yi magana. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito sai ƙarar tiyo. Ya kashe.

"Turancin ya gudu," ya ce. "Duka ya gudu. Bayana a buɗe yake, Frau Dahl. Ban taɓa yin Turanci ba kowa a bayana ba."

Ina da shekara saba'in da ɗaya da ƙugun ƙarfe da likita ya dasa mini. Na cire takalmi, na hau gadon mutumin da ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, na tallafo shi ya zauna, na jingina bayana da nasa. Ƙasusuwansa kamar na kujerar katako.

"In ka gaya wa wani na hau gadonka, ni zan ƙarasa ka."

Ya sake dannawa.

"Barka da rana," ya ce da Turanci, muryar nan tasa ta aji. "Egon Balke ke magana, daga Solingen. Ina kira ne game da wasiƙunki guda shida. Mun yi jinkirin ba da amsa." Ya ja iska. "Laifin daga ɓangarenmu yake. Ba mu da wata hujja. Muna ba da haƙuri ƙwarai."

Shiru. Shirun ya yi tsawo, kuma wata huɗu ana horar da ni cewa in ya kai nan, ni ce mai magana. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wannan bai isa ba!" Na kwarara da Turanci. "A haɗa ni da manaja!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai muka ji wani sauti daga wayar, kamar tari. Dariya ce. Nuala tana dariya tana kuka tana jero magana da sauri, ba wanda ya kama ko ɗaya a cikinmu.

"Don Allah ki maimaita a hankali," in ji Herr Balke. Darasi na uku ne wannan.

Ta ja numfashi, ta lalubo guntun Jamusancin da mijinta ya bar mata.

"Baba," ta ce. "Na jira. Kullum na jira."

Bayansa ya soma rawa a jikin nawa. Ban juya ba. Aka miƙa wa yarinyar waya, ta ce "Kaka!" sannan ta shiga ba shi wani dogon labari, ina jin na kare ne, ko na haƙori. Duk inda ta tsaya sai ya ce, "Na fahimta. Wannan muhimmin batu ne." Daga ƙarshe ya gyara murya ya ce za su so a shirya ganawa, ko ranar Juma'a da ƙarfe uku ta yi musu? Nuala ta ce ta yi.

Da ya ajiye wayar ya yi ta haki, sannan ya ce, "Manaja, ko?"

"Ka ci miyarka, ta huce."

Ranar Litinin ya sa na sayo cakulan da sabon mataji. Ranar Talata ya sa na goge masa rigarsa mai ruwan toka, ya ce in rataye ta inda zai riƙa ganinta. Ranar Laraba da safe ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa ta hawo sama ta ƙwanƙwasa mini, da na ga fuskarta ban tambaye ta komai ba. Ya tafi da tabarau a ido, littafin a buɗe a kan bargo.

Ba wanda zai sanar da Nuala sai ni. Na ɗauki littafin na zauna a kicin ɗinsa, na bi shi shafi-shafi daga farko har ƙarshe. Akwai yadda ake sanar da ƙarin farashi, akwai yadda ake sallamar ma'aikaci. Babu mutuwa ko a wuri ɗaya. Abin da ya fi kusa yana darasi na huɗu. Na kwafe shi da manyan baƙaƙe, na karanta sau goma, na danna lambar.

"Roswitha Dahl ke magana," na ce. "Ina kira ne a madadin Herr Balke. Abin baƙin ciki, ba zai samu halartar ganawar ranar Juma'a ba."

Layin da ke biye a littafin cewa yake a ba da wata rana. Na dube shi, na rufe littafin.

Na ji Nuala ta ja kujera ta zauna.

"Yaushe?" ta ce da Jamusanci.

"Yau da safe."

"Za mu zo. Juma'a. Ƙarfe uku."

Daga nan kalmomi suka ƙare mana duka biyu, amma ba wadda ta ajiye. Ruwa yana sauka a kan tagar kicin. Can cikin wayar, nesa, ina jin yarinyar tana saukowa daga matakala da gudu tana kiran uwarta.