Wanda Aka Fi Ambata

Dakta Ɓera ya sake danna wayar da babban yatsa, shafin ya juya, lambar ta fito yadda ya bar ta. Ya yi ajiyar zuciya har nas ɗin da ke rataya ledar ƙarin ruwa ta waiwayo.

"Kai kuma lafiya?" in ji yayarsa daga kan gado. "Ni ake ɗura wa magani, kai kake nishi."

"Ambato nake dubawa, Yaya. Duk masanin da ya kawo sunan aikina a cikin takardar bincikensa, na'ura tana ƙirga mini ɗaya. Yau za a auna mu a cibiya."

"To me suke cewa a kanka?"

"Na'urar ba ta faɗin wannan. Ƙirga kawai take yi."

Yaya ta gyara ɗankwalin da ke rufe kanta, wanda maganin ciwon daji ya share tas. "Ikon Allah. Mu dai in aka cika ambaton mace a unguwa, ba ta murna sai ta ji abin da aka ce. Je ka kar ka makara, mijina zai ɗauke ni."

Bai tsaya musu ba, don yau wuƙa a wuyansa take. Ɗakunan gwaji biyu ne ke binciken ciwon dajin hanta a cibiyarsu, sabon Shugaba kuma ya ce ɗaya zai rufe, a kwashe ɗalibansa da firizarsa ta ajiye kayan gwaji a ba ɗayan. Shugaba mutum ne mai ganin girman ilimi ƙwarai, shi ya sa ba ya kusantarsa. Ya ce shi ba zai zauna karanta takardun kowa ba, wanda duniya ta fi ambata shi zai tsira.

Ɗaki ɗaya na Dakta Ɓera ne, wanda ɗalibai suka laƙaba wa sunan saboda ya fi sakar wa ɓerayen gwajinsa fuska a kan mutane. Ɗayan na wata mata ce da ake kira Sai-an-sake, don duk sakamakon da aka kawo mata, komai kyansa, abin da za ta ce ke nan. Shekaru ke nan ba sa ga maciji. Ko a lif suka haɗu, shi rufi yake kallo, ita takalminta.

A ɗakin taro an haska majigi a bango, sanduna biyu a tsaye, ja da shuɗiya. Mai ƙididdiga, wadda aka aro daga ɗakin karatu, ta ce ja ta Dakta ce. Ja ta ɗara shuɗiya da ɗan abin da bai wuce farce ba. Dakta ya sha mur don kar a ga haƙoransa, amma ƙafarsa sai rawa take a ƙarƙashin tebur.

"Ranka ya daɗe," in ji Sai-an-sake, "da an buɗe an ga su wa suka ambace shi, kuma me suka ce."

"Malama, lamba ba ta da dangi a cibiyar nan," in ji Shugaba, yana duba agogo. "In muka fara karanta abin da ke ciki, son rai zai shigo."

Aka tafa sama-sama, aka tashi. Shugaba ya riƙe hannun Dakta ya kira shi abin alfaharin cibiya, sannan ya tambaye shi ko a kan hanta yake aiki ko a kan huhu.

Da ya koma ofis ya rufe ƙofa, maganar Yaya ta ƙi barin kunnensa. Tun da yake duba lambar nan safe da yamma, bai taɓa danna ta ya ga abin da ke bayanta ba. Yau ya danna, da niyyar ya ɗan sha yabo.

Kusan duk ambaton a kan takarda ɗaya yake, wadda ya rubuta yana matashi, inda ya ce ya gano furotin da ke hana ƙwayoyin ciwon dajin hanta yaɗuwa. Ya buɗe ta farko cikin takardun da suka ambace ta: "Saɓanin abin da aka yi iƙirari." Ta biyu: "Mun gwada, ba mu ga haka ba." Wasu ma a darasin ɗalibai suka sa shi, misalin yadda ba a yin gwaji. Masana daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa ya yi kuskure, na'ura kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi masa maki.

Wadda ta fara tona zancen kuwa Sai-an-sake ce. Duk wanda ya ambace ta, dole ya fara ambaton wanda ta ƙaryata, sai lambobinsu suka riƙa hawa tare kamar masu goyo. Ita kuma, don tsabar bin ƙa'ida, ba ta taɓa fitar da takarda ba tare da ta kawo sunansa ba. Shi ko sau ɗaya bai taɓa kawo nata ba, don gaba. Wannan ɗan farcen da ya ɗara ta da shi, da hannunta ta ba shi.

Kunya ta kama shi, kunya ta gaske, har wuyan rigarsa ya jiƙe. Ya tuna Yaya a kan gado, da yadda take gaya wa masu dubiya cewa ƙaninta ya kusa gano maganin. Ya miƙe da niyyar zuwa wurin Shugaba. A hanya sai ya bi ta gaban ɗakin Sai-an-sake, ya hango firizar nan doguwa, sabuwa fil, wadda ya daɗe yana mafarkinta. Ƙafarsa ta rage sauri da kanta.

Tana ciki tana naɗe kwalaben gwaji a takarda tana jerawa a kwali.

"Malama, sannu da aiki. Wallahi abin bai yi mini daɗi ba."

"Na gani a fuskarka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka kula da firizar, ƙofarta sai an danna da gwiwa."

"Yanzu ina za ki nufa?"

"Gida. Ina da rubutun da zan ƙarasa. Takardarka ta biyu na sake gwadawa, ita ma ba ta tsaya ba."

Dakta ya kalli kwalin, ya kalli firizar, ya tuna Shugaba ya ce baɗi ma za a sake awo, wannan karon da cibiyoyin waje. Ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe kamar mai ba ƙanwarsa shawara.

"Rubutun yana da tsawo?"

"Sosai. Kurakuran da yawa."

"To ai kar ki cusa su wuri ɗaya, mai karatu zai gaji," in ji shi. "Da kin raba shi gida biyu. In da hali kuma, su fito kafin baɗi."