Bindiga a Ƙarƙashin Rigar Zuma

Tun da na bar makaranta ban taɓa cika shekara a aiki ɗaya ba. Na yi rufin gidaje a Billings, na yi dako a rijiyoyin mai na Dakota, na wanke tukwane a wani gidan abinci da ko sunansa na manta. Da na dawo Choteau bana, Gwaggo Marlys, yayar mahaifina, ta ɗauke ni ina taya ta kiwon zuma. Sai na wayi gari ƙafata ta daina ƙaiƙayi, ban kuma san dalili ba.

Gwiwoyinta sun gaji. Wani mutumin California ya taya akwatunan zumarta na gindin dutse, waɗanda suka fi nisa, suka kuma fi ba da zuma. Ta ce masa zai ji daga gare ta kafin sanyi ya shigo. Ni kuwa na ce ta bar mini su.

"Kai?" in ji ta, tana kankare kaki da wuƙa. "Kai da takalminka bai taɓa tsufa a gari ɗaya ba?"

"Na zauna, Gwaggo."

"Zama daban. Can beyar ke yawo, ƙatuwar dabbar nan mai kashe mutum, wanda zai je shi kaɗai sai da bindiga a jikinsa. A jikinsa na ce, ba a mota ba. Kuma da ita zai tsaya kasuwa ranar Asabar, ba tare da wata baƙuwa ta hango ta ta ja 'ya'yanta baya ba. Je ka wurin Orval ka zaɓo, in ga hankalinka."

Kawu Orval ƙanen marigayi mijinta ne, gyaran bindiga yake yi a bayan gidansa. Yana da tsarinsa: ba ya bari ɗan'uwa ya sayi ƙaramar bindiga sai ya ara masa irinta daga cikin nasa, ya yi kwanaki yana aiki da ita a jiki. Ya shimfiɗa tsumma a kan tebur ya jera libarba uku. Ɗaya gajera ce mai kauri, mai cin harsashi lamba arba'in da huɗu. Ta biyu ta ɗan fi ta tsawo. Ta ukun kuwa, da na leƙa bakinta sai na ga kamar ƙaramin yatsana zai shiga ya juya.

"Wannan," na ce.

"Na sani. Tun kana bakin ƙofa take kiranka." Ya kalli ƙuguna ya girgiza kai. "Yaro, ina za ka ɓoye ta? Kai da in ka juya gefe sai a neme ka a rasa."

"Beyar ba ruwanta da ƙuguna, Kawu."

"Haka ne. Cinya ta fi so."

Muka zagaya baya inda ya tara tudun ƙasa, ya toshe mini kunnuwa, ya gyara mini tsayuwa. Na sha harba bindiga tun ina ƙarami, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Da na ja kunama, iskar wurin gaba ɗaya ta buge ni a ƙirji, haƙorana suka haɗu, hannuwana suka tashi sama da kansu. Kututturen da ya kafa ya tsage biyu kamar an sa masa gatari. Can na ji ƙarar ta tafi ta daki dutse ta dawo. Na tsaya ina kallon abin da ke hannuna, baki buɗe.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga," in ji Kawu Orval. "Harbinka ba laifi. Ɗaukarta ce aikin."

Gaskiya ya faɗa. Ta ja wandona ƙasa har sai da na ƙara huda bel. In na zauna a akori-kura ta tokare mini haƙarƙari, in na sunkuya ta ciji cinyata. Fatar gefena ta yi baƙi. Amma ban cire ta ba sai in zan kwanta. Ranar Asabar na sa wata ƙatuwar riga ta mahaifina, na tsaya a kasuwa ina gumi ina miƙa kwalaben zuma, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

"Kin gani?" na ce wa Gwaggo da muna kwashe kaya.

"Na ga mutum yana tafiya kamar ya haɗiye sanda."

"To ke ina taki? Tunda nake ban taɓa ganinki da ko tsinke ba."

"Nema mana," ta ce, ta miƙo mini teburin in naɗe.

Ranar Litinin muka hau gindin dutse tare. Wurin wani fili ne tsakanin bishiyoyi, rafi na wucewa ta ƙasa, akwatunan suna jere cikin shingen waya mai lantarki. Muka bar mota a bakin hanya saboda duwatsu. Na zura farar rigar zuma a kan kayana, irin mai haɗe da wando, na ja zif har wuya, na rufe fuska da raga, na sa safar hannu ta fata. Gwaggo ta kashe lantarkin ta buɗe ƙofar shinge don mu riƙa fitar da akwatunan da suka cika. Ta kunna gwangwanin hayaƙi muka shiga aiki.

Rana ta yi tsaka, ƙanshin zuma ya cika wurin. Ina ɗauke da akwati a wajen shinge sai na ji tsuntsayen rafi sun yi tsit. Sannan wani wari ya zo, kamar jiƙaƙƙen kare da ruɓaɓɓen nama.

"Lyle," in ji Gwaggo, da muryar da take cewa a miƙo mata gishiri. "Ajiye akwatin a hankali. Kada ka gudu."

Na ɗaga kai.

Na sha ganin beyar daga cikin mota, can nesa, kamar ɗigon baƙi a jikin tudu. Wannan kuwa ya fito daga cikin ciyayi kusa da mu, har ina ganin ƙudajen da ke bin idonsa. Namiji ne tsoho. Tozon kafaɗarsa yana motsi a ƙarƙashin fata duk takun da ya yi, bakin gashinsa fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Faratansa sun kai tsawon yatsuna. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk girman nan ko ƙarar ganye ban ji ba. Ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya tare mini dutsen da ke bayansa. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Ina jin numfashinsa yana shiga yana fita kamar zugazugi.

Hannuna ya tafi ƙuguna da kansa. Na ji ta, ga ta nan, babba, mai nauyi, a ƙarƙashin rigar zuma. Na lalubi zif a wuyana, ragar fuska ta rufe shi. Safar hannuna ta yi danƙo da kaki, yatsun sun manne da juna. Bindigar da ta tsaga kututture tana manne da haƙarƙarina, amma da ita da wadda ke kan teburin Kawu Orval duk ɗaya ne.

Sai na ga Gwaggo ta tako ta tsaya a gefena, da gwiwoyin nan nata. Ta riga ta tuɓe safar dama ban san yaushe ba. A hannun hagu tana riƙe da gwangwanin feshin barkono na korar beyar. Hannun dama ta zura shi a aljihun rigarta har ya wuce wuyan hannu, ya wuce inda aljihu ya kamata ya ƙare, ya fito da gajerar libarba wadda duk baƙinta ya goge ya koma fari saboda daɗewa a jiki. Ba ta ɗaga ta sosai ba.

"To, dattijo," ta ce wa beyar ɗin. "Mun gan ka. Zumar nan da mai ita. 'Ya'yan itacen ceri sun nuna a bakin rafi, je ka can."

Ya dube ta. Ban san tsawon lokacin ba. Ƙudan zuma suna ta kewaya mu kamar ba abin da ke faruwa. Can ya sauko a kan ƙafafu huɗu, ƙasa ta amsa har cikin tafin ƙafata. Ya yi wani huci, ya kaɗa kai, ya juya ya gangara rafi ba gaggawa. Ciyayi suka rufe bayansa.

Gwaggo ta mayar da bindigar ta hanyar da ta fito, ta sa safarta.

"Saura akwati nawa?" ta ce.

Muka ƙarasa aikin, ta mayar da lantarki. Muka kama hanyar gida. Ina satar kallon ƙugunta, matar da ta goya ni, ta kai ni coci, ta yi mini wainar ranar haihuwa, ban ga alamar komai ba ko yanzu da na sani. A raina na riga na ga akwatunan a bayan tirela sun nufi California, ni kuma ina neman wani garin.

Da muka isa gida ta ce kada in tuɓe rigar. Ta sa na cire harsasan na ajiye a kan tebur, na mayar da bindigar kubenta, na sake jan zif. Ta ɗauko almakashi ta zura a aljihuna na dama ta farke gindinsa.

"Ciro ta."

Na zura hannu na kamo ta. Ta fito rabi, dogon bakinta ya sarƙe a yadi. Na ja, na murɗa, har na ɗaga ƙafa ɗaya.

"Ya isa, kada ka karye," in ji ta. "Ka riƙe ta ba ka ajiye ba, wannan na gani. Ubanka yini ɗaya ya yi da irinta ya jefa ta ƙarƙashin kujerar mota. Gobe ka mayar wa Orval igwarsa, ka karɓo gajerar. Sai ka iya ciro ta ta wannan huda idonka a rufe, sannan za ka hau can kai kaɗai."

"Mutumin California fa?"

"Lambarsa na jikin firiji. Kira shi ka ce masa bana dai babu." Ta zauna tana murza gwiwa. "Ka yi masa magana da ladabi, don ban san inda ƙafarka za ta kai ka baɗi ba."

Na tsaya a gaban firijin da rigar zuma a jikina, na ɗauki waya na fara danna lambar.