Ragon Hure

Dabo na riƙe da ƙahon ragon, ragon na jansa. Tun safe yake kewaya turke ta hagu, kai a karkace, kunne ɗaya a langaɓe, yawu na dalala. Na matarsa Hure ne, shi kaɗai ya rage musu a shekarar da dusa ma ta fi ƙarfin talaka. Shi za a sayar gabanin Babbar Sallah a sayi takin zamani.

Basiru maƙwabcinsu ya leƙo ta kan danga. "Kai Dabo, ai ɗawafi yake! Rago ya riga ka sauke farali."

"Allah ya shirye ka, Basiru," in ji Hure. "Iska ce ta taɓa shi."

Aka yi masa hayaƙi, aka ɗura masa rubutu. Ya yi atishawa, ya ci gaba da kewayensa.

Da azahar Maryam, malamar dabbobi, ta iso daga Bici a kan acaɓa. Ta duba idonsa, sannan ta sa hannu a abincinsa ta damƙo wata baƙar harawa mai wari.

"Baba, wa ya ba shi wannan?"

Dabo ya hau gyaran hula. Harawar da ruwan farkon damina ya jiƙa ce ta ruɓe, Hure ta ce a kai juji, shi kuwa ya ga asarar ta yi yawa.

"Irin wannan ce ke kai cuta ƙwaƙwalwa," in ji Maryam. "Zan fara masa allura. In ya ƙi warkewa, ko kun yanka kada kowa ya ci."

Basiru, wanda ya riga ya shigo da wuƙa, ya mayar da ita aljihu.

Rago ya sha allurai ya warke, amma wuyan ya ƙi miƙewa. Ranar kasuwa duk wanda ya taɓa shi sai ya ce, "Wannan bai yi layya ba." Dabo ya jawo abinsa gida, gero ya tsiro ba taki.

Ranar Sallah ƙaurin nama ya cika unguwa. Duk tsaran ragon suna rataye a bakin wuta, shi yana kwance a inuwa yana tuƙa, yana yi wa Dabo kallon gefe.

"Dubi yadda yake hararata," in ji Dabo.

Hure ta miƙo masa lauje. "Bai ƙoshi ba ne, Malam. Kuma ɗanya yake so."