Lahadin Da Lorna Ta Faɗa

Orval Tedesco ya shafe ƙuruciyarsa a wasan besbol, tsugune a bayan masu dukan ƙwallo da sanda yana cafe wadda ta wuce su, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Sai gidan rediyon Tamarack Falls ya ba shi kujera a ɗakin sharhi, can saman filin besbol. Aikinsa shi ne sa baki tsakanin jifa da jifa, ya ce wane ya kyauta, wane kuwa kakarsa ma ta fi shi iya riƙe sanda. Babbar kujerar, ta mai faɗa wa gari abin da ke faruwa, ta wani ce daban. Da wancan ya kwanta ciwo a tsakiyar kakar wasa, sai mai gidan rediyon, Mista Brandvold, ya yi abin da ba a taɓa ji ba a duk yankin: ya zaunar da mace.

Lorna Pasternak ke nan, wadda da ma aikinta karanta hasashen yanayi da sanarwar jana'iza.

"Ki riƙe zuwa Lahadi," in ji Brandvold. "In gari bai cinye ni ɗanye ba, kujera taki ce. In kuwa wayar nan ba ta daina ƙara ba, kin koma wajen mamatanki."

Wayar kuwa ba ta daina ba. Wani ya ce muryarta na sa karensa kuka. Wani ya ce macen da ba ta taɓa riƙe sanda ba me ta sani? Orval bai buga waya ba, amma bai taɓa kiran sunanta a rediyo ba. Kullum sai dai "'yar nan".

Sai dai fa kunne ba ya ƙarya. Yarinyar nan in ta buɗe baki, wallahi sai ka ga filin. Za ta gaya maka inda iska ke kaɗa tuta, da yadda mai jifa ya goge tafin hannunsa a cinya, da cewa mai tsaron gefen hagu ya matsa taku biyu baya don ya san wanda ke zuwa. Orval da ya tsufa a filin nan, ranar Alhamis ya kama kansa ya rufe ido yana saurarenta, kuma ya fi ganin wasan a haka. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, ya rasa wa zai gaya wa.

Ranar Lahadi aka tashi da rana mai dafa ƙwaƙwalwa. 'Yan kallo tsiraru ne, don masana'antar takarda tana aiki ran nan, sauran gari kuma sun tafi bakin tafki. Mai jifar ƙungiyar gida shi ne Milo Vukas, ɗan gari, dogo mai kunya, wanda ubansa ke aikin injin takarda.

A zagaye na biyar cikin tara da ake yi, Orval ya daina tauna gyaɗarsa. Ya dubi allon maki, ya sake duba. Tun da aka fara, babu ɗan ƙungiyar baƙi ko ɗaya da ya daki jifar Milo ya ruga ya tsira zuwa zangon farko ba a fitar da shi ba. Ko ɗaya! Irin wannan wasa, mutum sai ya tsufa a filin bai ga an kai shi ƙarshe ba.

Kuma kowa ya san doka: ba a faɗa. Ko a bakin wasa ba a faɗa, kar kambun baka ya kama yaro. A bencin 'yan wasa tuni an watse an bar Milo shi kaɗai a kusurwa, ba mai kallonsa, ba mai miƙa masa ruwa. Wanda ya harɗe ƙafa tun farko haka zai zauna ko da ƙafar ta mutu. Mai sharhi kuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen zafi, ya yi zancen gyaɗa, har a gama.

Da aka saka talla, Orval ya dafe makirufo da hannu.

"'Yar nan, kin ga allon can?"

"Na gani, Baba Orval."

"To, ba ki gani ba."

"Babansa yana bakin inji yanzu haka," ta ce. "Rediyo na rataye a ƙusa kusa da shi. In ban faɗa ba, wa zai faɗa masa?"

"Ya ji gobe! Ke, rufa wa kanki asiri. Yau ce Lahadin fa. In kika furta, yaron nan ya zame, ko burodi ba za a sayar miki a garin nan ba."

Jar fitilar da ke nuna gari na jin su ta kama, Lorna ta ci gaba da aikinta.

Zagaye na shida ya wuce lafiya. Na bakwai ma Milo ya fitar da mutum uku kamar wasa. Ma'aikata suka je suka buɗe ƙofofin filin, don al'ada ce daga nan kowa ya shiga kyauta. Lorna ta kurɓi ruwa. Da ta yi magana, muryar ko gezau.

"Jama'ar Tamarack Falls, ku saurare ni da kyau. Zagaye bakwai an yi, kuma babu wanda ya daki jifar Milo Vukas ya tsira. Babu ko ɗaya. Ƙofofi a buɗe suke. Duk abin da ke hannunka, in zai ajiyu, ajiye shi ka zo ka gani da idonka."

Tabɗi! Orval ji ya yi kamar an watsa masa ruwan ƙanƙara. Ya ja kujerarsa ƙiii har bango, nesa da ita, ya naɗe hannu. Ya rantse a ransa ba zai ƙara cewa komai ba. A ƙasa, masu ɗan rediyo a kunne suka juyo suna harar tagar ɗakin, wani tsoho har da nuna ta da sanda.

Ana cikin zagaye na takwas ya hango abin ta tagar baya. Ƙura ce ta fara tashi a kan hanyar tudu. Sai motoci, ɗaya bayan ɗaya, wasu da kwale-kwale ɗaure a sama. Sai mutane a ƙasa, da gudu. Ga wanzami da farar rigarsa, ga wanda ake yi wa askin da rabin kai. Ga mata da jarirai, ga masu jiƙaƙƙen wando daga tafki. Can baya kuma ga ma'aikatan takarda sun fito tururu da hulunan ƙarfe, a tsakiyarsu wani gajere mai faɗin kafaɗa ana tura shi gaba. Baban Milo ne, hannuwansa fari fat da ƙurar takarda.

Tsigar jikin Orval ta tashi. Shekara da shekaru yana surutu a cikin ƙarfen nan, bai taɓa sanin cewa akwai mutane a ɗaya ɓangaren da za su tashi tsaye don an ce su tashi ba. Yarinya ɗaya, da magana biyar, ta kwashe gari kaf ta zuba a fili. Ya dube ta ta gefen ido, tsoronta ya kama shi, da wani abu kuma da ya fi tsoron.

Zagaye na tara, fili ya cika har kan katanga, amma shiru kamar ba kowa. Mai sanda na farko ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe, ya fita. Na biyu ya kai duka sau uku yana dukan iska. Saura mutum ɗaya, wani siririn yaro da ko sunansa ba a sani ba.

"Milo ya goge hannu," in ji Lorna a hankali. "Ya dubi ƙasa. Ya ɗaga ƙafa. Ga ta nan."

Ba ma dukan kirki ba ne. Bakin sanda ne ya ɗan taɓa ƙwallon, ta tashi a kasalance, mai tsaron zango na biyu ya yi tsalle iya tsayinsa, ta shafi yatsun safarsa ta wuce.

"Ta sauka a ciyawa," ta ce. "Ya tsira."

Daga nan ta yi shiru. Mai sharhi ba ya shiru, amma ita ta yi, ta ɗauki makirufo ta miƙa shi waje ta taga. Da fari nishi kawai aka ji, na dubban mutane lokaci guda. Sai wani ya fara tafi, tafi mai nauyi, farar ƙura na tashi daga hannuwansa. Sai fili duka ya miƙe. Katakon ɗakin sharhi har rawa yake yi. Milo ya tsaya a kan tudun jifa ya cire hula, yana neman inda tafin ya faro, har ya gano. Sannan ya mai da hularsa, ya fitar da na gaba, aka tashi wasa.

Wayar bango ta fara ƙara tun kafin tafin ya lafa. Brandvold ya hawo matakala yana haki, fuska ja wur. Ya ɗaga wayar, ko daga inda Orval yake ana jin zagin. Ya ajiye, ta sake ƙara. Ya dubi Lorna, ya nuna mata ƙofa da haɓa, alamar in an rufe yana da magana da ita. Ta gyaɗa kai, ta fara tattara takardunta.

Jar fitila tana kunne har yanzu. Orval ya dubi fitilar, ya ja kujerarsa ƙiii ya dawo da ita inda take, kafaɗa da kafaɗa da yarinyar, ya sunkuya kan makirufo.

"Jama'a, Orval ne. Sau ɗaya a rayuwata na cafe irin wasan nan har ƙarshe, ina saurayi, a wani gari mai nisa. Mahaifiyata tana gida tana saurare. Mai sharhin ran nan mutumin kirki ne, ya kiyaye doka, bai faɗa ba. Da ta ji ana ta zancen zafi da gyaɗa, sai ta kashe rediyo a zagaye na bakwai ta tafi ba kaji hatsi." Ya gyara zama. "Har ta rasu tana ce mini, 'Da an gaya mini, Orval, ai da kajin sun jira.' Wanda zai zaga, ya neme ni. Sunan wadda ta kawo muku wasan yau Lorna Pasternak."

Ya kashe fitilar da kansa. Wayar na ta ƙara. Brandvold ya dubi tsohon, ya dubi filin da har yanzu bai watse ba, ya sa hannu ya zare igiyar wayar daga bango.

Lorna ta yi shekara talatin da wani abu a kan makirufo, daga nan har manyan birane, kuma 'yan mata da yawa sun bi ta ƙofar da ta buɗe. A Tamarack Falls har yau akwai tsofaffin da za su rantse maka bakinta ne ya kayar da ƙwallon nan a ciyawa. Ka tambaye su ta yaya suka sani, sai su ce ai suna wurin, da idonsu suka gani.